Takarda da Ƙarfe: Abin da Kuɗin Hannunmu Ya Koya Mana

Shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Jibiya, Illela da Maigatari, da waɗanda suka taso tun daga Gaya, Kwatano, Kumasi da Garwa, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Allah ya maimaita mana wannan rana ta zagayowar kafa ƙungiyarmu.

Da kwamiti ya zauna zaɓen abin da za a yi magana a kai bana, wasu sun ce a taɓa batun duwan, wasu sun ce batun shingayen hanya. Sai muka duba littafin sasanci, inda muke rubuta rigingimun da ake kawo mana, muka ga da yawa cikinsu a kan kuɗin kansa aka yi su. Wani ya biya da takarda mai ɗinki an mayar masa. Wata ta tara ƙwandaloli cikin gwangwani, da ta kai wa mai sari ya ce sun suɗe, ba ya so. Wani ya ci bashi da naira, aka nemi ya biya da sefa bayan farashi ya juya. Shi ya sa muka ce bari yau mu juya abin da muke ƙirgawa kullum, mu dubi bayansa.

Mu fara da bakinmu. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Duk wanda ya ce "ba ni da kuɗi", maganar kakanninsa yake maimaitawa, lokacin da dukiya ƴan ƙananan ƙwasfan teku ce da ake kwasowa daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Ana ƙirga wuri biyar-biyar a ƙasa, a tara shi tsibi-tsibi, in ya kai dubu ashirin a ɗure a keso. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851. A Tasawa ya tarar ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar, aikin da sai an taru a kansa. A Kano kuwa ya samu ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Ku lissafa: keso guda, kayan ɗan dako cur, bai wuce dala takwas ba.

Ita wannan dala ta ƙasar Ostiriya ce, mai hoton sarauniya Mariya Tereza, kuma ko yaushe aka buga ta shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta. Da Faransawa suka kawo tasu azurfar ta tamma biyar, sai mutanenmu suka ɗora mata tsohon sunan. Shi ne har gobe a Maraɗi da Damagaram ba mu cewa ɗari biyar, sai dala ɗari, ba mu cewa dubu, sai jika. A ɗaya gefen iyaka ma haka abin yake. Anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fam duk sun mutu a kasuwa, amma mai cewa "ko sisi ba ni da shi" bai daina ba, kuma dattijon da ya ce jaka guda a Kano fam ɗari yake nufi, wato naira 200. A Gana sunan sidi ma daga kalmar wuri ya fito a harshen Akan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi, a zamaninsa an ɗauka ba zai taɓa gushewa ba.

Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san wahalar nauyi. Jakin da ya ɗauki wuri bai ɗauki kanwa ko tufafi ba, kuma a kowane zango sai an ɓanɓari wani abu daga cikin kayan don abinci da fito. Saboda haka suka fi son su tafi da haja su dawo da haja, sauran kuma a bar shi bashi a hannun fatoma, bisa amana da shaidu, wani lokaci da ƴar wasiƙa ta ajami. Wannan damuwar ce ta haifi kuɗin takarda a wata duniyar. A lardin Sicuwan na ƙasar Sin kuɗinsu na baƙin ƙarfe ne mai nauyin gaske, sai ƴan kasuwa suka riƙa ajiye shi a wurin amintattu suna karɓar takardar shaida, takardar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. A ƙarni na 11 hukuma ta karɓe aikin buga ta. Ashe ƴan kasuwa irinmu ne suka fara abin kafin sarakuna su sa hannu. Ibn Battuta, wanda ya zo har Takadda a yankin Agadas a 1353, ya ga wuri a Maldib, ya gan shi a Gawo, ya kuma ba da labarin takardun Sin, har ya ce wadda ta yage ana kai ta gidan buga kuɗi a musanya da sabuwa. Turai ba ta fara ba sai a 1661, a ƙasar Suwidin.

Mu nan takarda ta zo mana ne tare da mulkin mallaka. A farkon ƙarni na 20 Ingilishi da Faransawa suka hana shigo da wuri, suka ce haraji sai da kuɗinsu. Aka kawo anini da kwabo masu huda a tsakiya, da rubutun Larabci a jiki don mutanenmu su iya karantawa. A 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗi ɗaya domin ƙasashenta na Afirka ta Yamma, sulalla suka fara fita, takardu suka biyo baya a 1916. Iyayenmu ba su yi marhabin da takardar ba. Manomin gyaɗa ya fi son sulalla, don gara ba ta cin su, gobara ba ta cinye su, ruwa bai lalata su, ana kuma iya binne su cikin tukunya. An daɗe ana rage wa takarda daraja a kasuwa idan aka zo musanya ta da ƙarfe. Sefa an ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disamba 1945. Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da nasa fam a 1959, ranar 1 ga Janairu 1973 kuma naira ta maye gurbinsa, naira biyu a kan fam guda. Wato a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka girmi naira, akwai ma ƴan kaɗan da suka girmi sefa.

To mene ne darajar takarda? Dala ta azurfa ko sarauniyar da ke jikinta ta mutu, ko daularta ta rushe, maƙeri zai saye ta ya yi mundaye. Takardar jika goma kuwa, abin da aka kashe wajen buga ta bai taka kara ya karya ba. Muna karɓarta ne don mun tabbata na gaba zai karɓa daga hannunmu, shi ma don hukuma tana tsaye a bayanta. Alkawari ne aka rubuta aka sa hannu. Mu da muke aiki a kan iyaka mun ga yadda alkawarin yake warwarewa, ta hanyoyi daban-daban.

Akwai ranar da hukuma takan wayi gari ta ce wannan takardar ta daina aiki. A watan Afrilu 1984 Najeriya ta sauya launin takardunta, ban da ta sule biyar, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu a yi canji. Nairorin da ke hannun ƴan kasuwar wannan gefe suka maƙale. Shekarar ta haɗu da fari, hatsi bai tsallako ba, har mutane suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari, kuma ba a buɗe iyakar ba sai 1986. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, Allah ya jiƙansa, ya sayar da shanu a wancan watan, ya dawo gida da kuɗin cikin buhu. Har ya rasu buhun yana cikin ɗakinsa, yakan buɗe wa yaran shagonsa su gani. A 2004 Babban Bankin BCEAO ya janye takardun samfurin 1992 tsakanin Satumba da Disamba, bayan fashin da aka yi wa rassansa a Kodebuwa lokacin yaƙi. Na birni sun canza, na ƙauye da makiyaya da yawa labari bai kai musu da wuri ba. Na baya-bayan nan kowa ya shaida: a ƙarshen 2022 aka sabunta naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin ba su wadata ba, aka koma sayen naira da naira. Mun ga dabba ta faɗi warwas a kasuwannin iyaka don babu tsabar da za a biya. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris tsofaffin suka dawo. Wanda ya yi gaggawar zubar da nasa da rabin daraja, shi ya yi asara.

Akwai kuma mutuwar da ba a ganin ta a jikin takarda. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya: tamma guda ta Faransa da ake saye da sefa 50 ta koma 100. Wanda ke da kaya a kan teku bai biya ba, bashinsa ya ninka yana barci. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa ta zauna wuri ɗaya. Ita naira a farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka a farashin banki, guda ɗaya tana canzuwa da ɗaruruwan sefa. A 2024 jika guda ta haura naira 2,000. Ƴar Murtala da ta fito a 1977 ita ce babbar takarda a ƙasar, mai ita a aljihu ana gaishe shi da girma. Yau ba ta sayen wani abin kirki. Hoton bai canza ba, lambar ba ta canza ba.

Daga nan ne maganar ƙwandala take shigowa. Idan takarda ta yi arha, sai ta koma kuɗin cefane. Tana fita daga hannun mai ƙosai zuwa na ɗan kabu-kabu, daga nan zuwa mahauci, a duƙunƙune ta, a ɗaure a bakin zane, ta sha mai da gumi. Cikin shekara ɗaya ko biyu ta zama tsumma, dole banki ya janye ta ya buga wata, sau da yawa a ƙasar waje da kuɗin waje. Ƙwandala ta fi tsadar bugawa a karon farko, amma tana shekara ashirin ko fiye tana aiki. Lissafin banki ke nan, kuma lissafi ne na gaskiya. Ingila ta fitar da ƙwandalar fam guda a 1983, ta janye takardar a 1988, abin ya zauna. Gana ta fitar da ƙwandalar sidi biyu a 2019, a 2021 kuma babban bankinta ya ce zai bar takardun sidi ɗaya da sidi biyu su ƙare a hankali, ƙarfe ya gaje su.

A Najeriya abin bai zauna ba. A 1991 aka mayar da sule biyar da naira ɗaya ƙarfe, hoton Herbert Macaulay ya tashi daga takarda ya koma kan ƙwandala. Ba a daɗe ba tsadar kaya ta wuce su. A watan Fabrairu 2007 aka sake gwadawa da sababbin ƙwandaloli na kwabo 50, naira ɗaya da naira biyu, a daidai lokacin da naira 20 ta koma ta leda. Yaran da aka haifa bayan nan da yawansu ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. A 2012, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, aka kawo shawarar buga takardar naira 5,000 da mayar da naira 5, 10 da 20 ƙarfe. Jama'a suka yi ca, Shugaba Jonathan ya dakatar da shirin. Mutane sun riga sun sa a ransu cewa duk kuɗin da aka mayar ƙarfe an yi masa sallama.

Namu gefen ya bi wata hanya. A 2003 BCEAO ta daina buga takardar dala ɗari, ta kawo ƙwandalar dala ɗari da ta dala arba'in, masu ƙarfe kala biyu. Sun karɓu, don dala ɗari kuɗi ce mai sayen abinci. Amma ba su wadata ba, ƙarancin canji ya addabi kowa daga Dakar har Diffa, sai ranar 30 ga Nuwamba 2012 bankin ya dawo da takardar, yanzu ana kashe su biyun tare. Ƴan'uwanmu na Kamaru da Cadi, masu sefar BEAC, su ma sun sha kukan rashin ƙananan kuɗi shekara da shekaru.

Idan muka jera waɗannan, darasin a fili yake. Ƙwandala tana rayuwa ne idan har tana sayen wani abu yau, kuma za ta saye shi baɗi da baɗin baɗaɗa. Dala biyar, dala goma da dala ashirin sun shekara aru-aru a hannunmu saboda sefa ba ta zamewa da sauri. Inda farashi yake gudu, kafin ƙarfen ya tsufa darajarsa ta mutu, wani lokaci ma ƙarfen ya fi lambar da ke jikinsa tsada, ya ƙare a tukunyar maƙeri. Laifin ba na ƙarfe ba ne. Tsadar kaya ce take cin ƙananan kuɗi daga ƙasa, ko na takarda ne ko na ƙarfe.

Me ya shafe mu? Da fari, idan ƙaramin kuɗi ya ɓace, farashi ba ya hawa da taki, sai da tsalle. Abin naira biyar ba ya zama shida ko bakwai, goma yake komawa, don babu abin da za a mayar da canji. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan wannan, kuma shi ne mai sayen kayanmu a ƙarshe. Sai a ba shi alawa ko ashana a madadin canjinsa, ya tafi yana ƙunƙuni, gobe ya canza shago. Na biyu, nauyin da kakanninmu suka gudu yana dawowa. Miliyan guda ta sefa takarda ɗari ce ta jika goma, tana shiga aljihun riga. A ƙwandalar dala ɗari guda 2,000 ce, wajen kilo ashirin. Mai sari da ke karɓa daga hannun masu tebur ya san wannan. Na uku, ƙarfe ba ya tsallake iyaka. Ɗan canji a Wapa ko a bakin tasha zai karɓi takarda, ba zai karɓi gwangwanin ƙwandala ba. Ko takardar ma, sefar Yamai da ta Yawunde darajarsu ɗaya a rubuce, amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan, sai an bi ta hannun ɗan canji ya cire nasa.

Akwai kuma laifin da yake namu, gara mu faɗa da bakinmu. Mu ne muke ƙin ƙwandalar dala hamsin alhali hukuma ba ta soke ta ba. Mu ne muke jujjuya dala ashirin mu ce ta suɗe. Wanda aka ƙi karɓa daga gare shi, gobe shi ma zai ƙi, a haka kuɗi mai rai yake mutuwa a unguwa ba tare da wata doka ba, sannan mu dawo muna kukan babu canji. Kuma mu ne muke dunƙule takarda, mu yi lissafi a jikinta da biro, mu huda ta da ƙusar ɗinke takardu, mu liƙa ta a goshi wurin biki a tattake.

Saboda haka kwamiti yana roƙon ƴan ƙungiya abubuwa kaɗan. Kada jarin mutum duka ya kwana a takardar ƙasa ɗaya cikin ɗaki. Abin juyawa ya zauna a hannu, sauran ya shiga haja, ko dabba, ko asusun banki, domin kuɗin da ke asusu ba ruwansa da sauya launi. Duk bashin da zai tsallake iyaka a rubuta shi da shaidu, a faɗi da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa ko sidi, da ranar biya. Rigingimu da yawa da muka sasanta layi ɗaya na rubutu ya isa ya hana su. Idan aka ji sanarwar canjin kuɗi a kowace ƙasa, wakilinmu na can ya sanar da sakatare a ranar, mu kuma mu kai labari rugage da ƙauyukan da muke sayen kaya, kada mu zama masu cin ribar rashin saninsu. A kai tsofaffin takardu banki tun a makon farko, kada a jira ranar ƙarshe, kada kuma a sayar da su da hasara saboda jita-jita. Tsakaninmu, mu karɓi duk ƙwandalar da ba a soke ba. Ƙungiya za ta riƙa tara suɗaɗɗun ƙwandaloli da yagaggun takardu daga hannun mambobi, musamman mata masu ƙaramin jari, a kai su reshen babban banki gaba ɗaya a nemi musanya, tunda ba kowa ke da halin barin rumfarsa ya je ya yi layi ba.

Matasanmu za su ce duk wannan tsohon zance ne, yanzu kuɗi a waya yake. Gaskiya ne waya ta rage mana ɗaukar buhu a hanya, ta rage fargabar ƴan fashi, kuma muna ƙarfafa kowa ya koya. Amma a 2023 mun ga ranakun da aka tura kuɗi bai shiga ba, mai kaya yana riƙe da kayansa, mai saye yana nuna masa waya. Makiyayin da ya kawo bijimi daga daji inda babu layi, tsaba yake so. Ana kuma ta maganar sababbin kuɗi a yankinmu, irin su Eko da aka sha ɗage ranar fitowarsa. Ko wanne ya zo, ranar canji za ta zo tare da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu da namu gemun ya sha ƙuna ba sau ɗaya ba.

Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan sun yi ciniki da fam da sule, sun yi da tamma, sun ga naira tana sabuwa. Kuɗin da suka fara jari da shi babu wanda zai karɓe shi yau, amma gidajen da suka ƙulla hulɗa da su a Kano, Katsina da Kwatano har yanzu ƴaƴansu suna ba mu kaya bashi, saboda an san iyayenmu suna biya. Wannan ita ce ajiyar da muke roƙon kowa ya tsare wa na bayansa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai kyau, ya mayar da kowa gidansa lafiya.